Kunnuwan Jitar Yaya Tasi'u

Wata rana ruwan sama ya tsare ni a Farin Gada.

Irin ruwan Jos ɗin nan da ba ya yin sallama. Ka ɗaga kai ka ga gari garau, kafin ka tsallake titi ya sauko.

Na ruga na fake a rumfar wani shago da yake kulle. Jita na rataye a bayana cikin buhun shinkafa, don jakarta ta daɗe da yagewa.

Ba tawa ba ce. Ta yayana ce, Yaya Tasi'u.

Allah ya yi masa rasuwa a daminar bara.

Shi ne mai jita a ƙungiyar kiɗan Oga Bitrus, masu zuwa bukukuwan aure. Bikin Musulmi su je, na Kirista su je. In ya dawo, wani lokaci da ragowar naman biki a leda, sai ya zaunar da ni ya ɗora min ita a cinya. Ya kama yatsuna ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa a kan tsirkiya.

"Danna sosai, Rilwanu. Ba ƙwai ba ne."

Haka na koya. Ban taɓa zuwa wajen wani malamin kiɗa ba, shi ne duk makarantata.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Muna ta cewa na kwana biyu ne.

Safiyar da za a tafi da shi asibiti, ya ce in miƙo masa ita. Ya saita ta a hankali, ya buga rabin wata waƙa, sai ya ce yatsunsa sun yi nauyi. Ya ce in rataye masa, in ya dawo ya ƙarasa.

Na rataye.

Da aka zo raba kayansa, riguna aka yi sadaka da su. Takalmansa suka tafi wajen ɗan kawunmu. Jita kuwa babu wanda ya tambaya. Kawu ya dube ta a jikin ƙusa, ya kau da kai.

Sai ta zama tawa.

Ga wanda bai san jita ba: a can samanta akwai wasu 'yan ƙarafa da ake murɗawa, su ke ja ko sassauta tsirkiya har sautin ya zauna daidai. Mu kunnuwa muke ce musu.

Tun daga ranar ban taɓa kunnuwan nan ba.

Na ce a raina, inda hannunsa ya bar su, nan za su zauna. Riga ta tafi, takalmi ya tafi, muryarsa ma ta fara yi min nisa. Wannan kaɗai ne abin da ya rage yadda ya bar shi.

Ina bugawa kullum. Amma damina ta wuce, sanyi ya zo ya wuce, wata daminar ta shigo. Tsirkiyoyin suka yi tsatsa. In na gama bugawa sai in ga kan yatsuna ya yi ja kamar na taɓa ƙasar kwari.

Sautin kuma ya riƙa sauka, kaɗan kaɗan, kamar mutumin da yake magana yana tafiya.

Oga Bitrus ya aiko a kira ni. Tun ranar gaisuwa ya ce wurin Tasi'u nawa ne in na iya.

Na je. Na buga.

Mai ganga ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Oga ya taso, ya miƙa hannu zai kama kunnen jitar, na fizge ta na rungume.



Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Rilwanu, ni ma na yi kukansa. Amma amarya ba ruwanta da kukanmu, rawa ta zo yi. Ka dawo Asabar da ita a saice. In ka dawo da ita haka, akwai wani daga Bukuru da yake ta yi min naci. Shi zan ba."

Ina son wurin nan. Allah ya sani tun ina ƙarami nake so in tsaya a gaban mutane da jita a wuyana. Amma duk sanda na kai yatsa kusa da kunnen, sai in ji kamar zan share sawunsa na ƙarshe.

To ranar da ruwan ya tsare ni, hanyar gidan Oga na nufa. Zan je in ce masa ya ba ɗan Bukuru, na haƙura.

Ina tsaye a rumfar sai ga wata mama ta shigo da gudu, kwandon kabeji a kai, ta lulluɓe ɗankwalinta da baƙar leda. Zanin zumuntar matan majami'a ne a jikinta. Ta sauke kwandon tana haki.

"Sannu, Mama."

"Yauwa ɗana. Wannan ruwa ba ya jin magana."

Ta zauna a kan benci, ta matse bakin zaninta. Can ta dubi buhuna.

"Shinkafar taka tana da dogon wuya."

Na yi dariyar da ban shirya ba. Na ce jita ce.

"Na sani. To tunda ruwa ya kama mu, fito da ita mana. Ko sai na biya?"

Ban so ba. Amma ba ka ce wa babba a'a a kan abu irin wannan. Na kwance bakin buhun, na zauna a ƙarshen bencin, na fara buga rabin waƙar nan ta Yaya.

Ban yi nisa ba ta ɗaga hannu.

"Tsaya, tsaya. Hannunka yana da kyau. Amma wa ya saita maka ita? Kurma ne?"

Na ce, "Yayana ne. Ya rasu bara."

Fuskarta ta canza. Ta dafa ƙirji.

"Wayyo. Yafe mini, bakina ya riga ni. Allah ya ta'azantar da ku."

Na ce amin. Ban san me ya sa ba, na ga ina ta faɗa mata. Safiyar asibiti, ƙusar, Oga Bitrus, Asabar. Wani lokaci ya fi sauƙi ka zuba wa wanda ba zai sake ganinka ba.

Ta saurara har na gama. Ruwa na ta dukan kwano a samanmu.

Sai ta ce mijinta ma mai jita ne, a majami'arsu, har ya tsufa ya mutu yana yi. Ta ce ya fi murɗa kunnen jitarsa fiye da na 'ya'yansa, shi ya sa duk suka taso da taurin kai.

Ta yi 'yar dariya ita kaɗai. Sannan ta juyo.

"Ɗana, yayan naka, sau nawa yake saita ta?"

"Kullum, Mama. Ba ya bugawa sai ya saita."

"Kullum?"

"Kullum."

"To shekara guda ke nan ba ka yi abin da yake yi kullum ba. Kai kuma kana cewa shi kake riƙewa."



Ta nuna jitar da haɓa.

"Inda ya bar ta, ta bar wurin tun kafin a yi masa addu'ar bakwai. Abin da kake ji yanzu, shi bai taɓa jin sa ba. Da zai shigo rumfar nan, me zai fara yi?"

Na san amsar. Na gan shi ma.

Zai karɓe ta ne ba tare da ya tambaye ni ba. Ya karkata kai, ya lumshe ido ɗaya, ya riƙa wani ɗan gunaguni a maƙogwaro yana murɗawa, har tsirkiyar ta zo ta haɗu da muryarsa. Sannan ya ce, "Yauwa, yanzu kika yi magana."

Ba ya amfani da na'urar saita sauti. Da maƙogwaronsa yake saitawa.

Na ɗora yatsa a kan kunnen ƙaramar tsirkiya. Ƙarfen ya yi sanyi, ya kafe.

Na yi bismilla, na murɗa.

Ya motsa da wata 'yar ƙara. Sautin ya fara hawa. Ya hau, ya ƙara hawa.

Tas!

Tsirkiyar ta tsinke. Ta nannaɗe tana lilo a gefen jitar.

Ita ce ya ɗaura da hannunsa. Ina zaune ya ɗaura ta, har ya ciji bakinta da haƙori don ba mu da filaya.

Jama'a, kukan da ban yi ba a maƙabarta, a rumfar nan na yi shi. Gaban matar da ban san sunanta ba, gaban kwandon kabeji.

Ba ta ce in yi shiru ba. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta dai ɗora hannunta a bayana, hannu mai sanyi, mai kaushi, ta bar shi a nan har na gaji.

Da ruwa ya tsagaita ta miƙe.

"Taya ni."

Na taya ta ta ɗauki kwandon. Ta gyara ledar kanta.

"Sauran ma duk za su tsinke," in ji ta. "Kar ka ji tsoro. Ka canja su."

Ta shiga cikin masu tsallake titi. Ban sake ganinta ba.

Ban je gidan Oga ba. Na juya na nufi kasuwar Taminus, na sayo sababbin tsirkiyoyi.

Washegari da safe na zauna a bakin katifarsa. Na cire tsofaffin ɗaya bayan ɗaya. Jitar ta zauna tsirara a cinyata, babu sauti ko ɗaya a jikinta. Wannan lokacin ya fi min tsinkewar zafi.

Na ɗaura sababbin.

Sai matsala ta taso. Da me zan saita? Ni ma ba ni da na'ura. Abin da na sani kawai shi ne yadda shi yake yi.

Na karkata kai. Na nemi gunagunin nan a maƙogwarona. Ina tsoron ya tafi, don na yi wata da watanni ina neman muryarsa a kaina ba na samu.

Sai ga shi ya fito.

Daga bakina ya fito, amma nasa ne. Har da 'yar karyewar da yake yi a ƙarshe.

Na riƙe shi, ina murɗawa, tsirkiyar na tahowa tana tahowa har suka haɗu. Na koma ta biyu. Na koma ta uku.

Da na gama na ja yatsa a kansu gaba ɗaya.

Ɗakin ya cika da sautin da ban ji ba tun yana da rai.

Asabar na je. Oga Bitrus na tsugune yana naɗe wayar lasifika, ya ba ni baya. Mai ganga na cin gyaɗa. Ɗan Bukuru ma yana nan, ya jingina da bango da jitarsa mai sheƙi.

Ba wanda ya ce in fara. Na zauna a kan akwatin kaya, na karkata kai, na gyara kunne ɗaya da ya ɗan sauka a hanya.

Na buga.

Mai ganga ya daina tauna.

Oga bai juyo ba. Amma hannunsa ya tsaya a kan wayar, bai ƙara naɗi ko ɗaya ba har na kai ƙarshe.

Na yi kuskure a wuri biyu, na sani, shi ma ya sani.

Ya miƙe a hankali, ya share fuskarsa da bakin riga, har yanzu bai dube ni ba.

"Akwai biki Juma'a a Anguwar Rogo. Ka zo da wuri, ka sa fararen kaya."

Na ce to, Oga.

Na fara mayar da ita cikin buhu, sai ya ƙara da wata irin murya.

"Ka tsaya ta hagun mai ganga. Nan yake tsayawa."

Darasi:

Wanda ya tafi, ba a inda ya ajiye abu yake ba. Yana cikin abin da yake yi kullum, wanda ya koya maka tun ba ka lura ba. In ka kulle abin don kar ya canja, zai canja a kulle, kuma ba za ka ji shi a ciki ba. Ɗauko ka yi yadda yake yi. Wani abu zai tsinke, zai kuma yi zafi. Ka ci gaba.

Har gobe ina kewarsa. Duk safiya dai yanzu muna gaisawa wajen saita ta, kafin in fara bugawa.

In akwai wanda ka sani da ya rataye wani abu a ƙusa ya kasa taɓawa, tura masa wannan. In ka karanta har nan, ka sa Yaya Tasi'u a addu'a. Maman kabeji kuma, duk inda take, Allah ya saka mata.