Neman Mai Ƙaho Daga Gaya Zuwa Kwatano

Litinin: Gaya zuwa Malanbil

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame asuba, na hau kabu-kabu daga ƙofar gida zuwa bakin kogi. Ba wani kaya gare ni ba. Riga ɗaya ce a jakar hannu, sai wata 'yar baƙar aba ƙonanniya da na naɗe a takarda na sa a aljihun ƙirji.

Ni mai gyaran kayan lantarki ne a Gaya. Ranar Juma'a akwatin da ke tafiyar da famfon manoman shinkafa na Tunuga ya mutu. Famfon da hasken rana yake aiki, shi ke jawo ruwan kogi ya zuba a babbar kwata. Da na buɗe akwatin sai na tarar sirkwi ta ƙone. Sirkwi 'yar ƙwaya ce da ba ta kai farcen babban yatsa ba, mai ƙafafu kamar na shanshani, amma ita ce ƙwaƙwalwar akwatin. Na neme ta a Gaya da Kamba, na yi waya Doso da Yamai, kowa ya ce babu. Ga shinkafa ta yi ciki, ga ranar bazara tana dukan ƙasa. Gonar yayata Hadiza ita ce ta ƙarshe a layin kwata, ita ruwa ke isa daga baya ko da lafiya lau, kuma da ita take ciyar da marayunta huɗu.

Malam Hamani, shugaban ƙungiyar manoman, shi ya damƙa mini kuɗin da suka haɗa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Issufu, mai ƙaho za ka kawo muna. In ba mai ƙaho ba ce, kada ka sa ta cikin akwatinmu." Tambarin kamfanin da ke yin sirkwin yake nufi, wani zane mai kama da ƙahon saniya. Bara wani mai gyara ya sa wa mutanen Tanda mai wani tambari daban, akwatinsu ya kama da wuta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Na yi masa alkawari.

Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Nijar da Benin, sai a kwale-kwale ake tsallakawa. An loda mu da buhunan albasa da babura biyu har ruwa na lasar bakin jirgin. Na ce wa mai tuƙi, "Baba, ba mu yi yawa ba?" Ya ce, "Fofo, sannu ɗana. Kai dai zamna da kyau, kogi bai son mai motsi." Na zauna kamar an dasa ni, ina ta salati har muka taka ƙasar Benin. Jami'in da ya duba katina ya tambayi abin da zan sayo. Da na nuna masa, ya juya ta a tafin hannu ya ce a kan wannan zan yi kilomita ɗari bakwai da wani abu? Na ce a kanta.

Malanbil zuwa Kwatano

Kar, wato babbar motar fasinja, ta tashi ƙarfe bakwai da kwata. Kafin Kandi an tsayar da mu sau uku, kowane shinge sai an sauka an nuna kati. A na ukun wani fasinja bai da takardar rigakafi, aka yi ta ciniki a kansa kusan rabin awa, ni kuwa ina leƙen rana ta taga ina lissafin yadda take a kan gonakin Tunuga. Ban taɓa jin haushin rana irin na wannan safiyar ba.

A Paraku muka tsaya azahar. Na sayi sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, wato cukunsu, na sefa jaka ɗaya, amma loma uku na yi na ture. Waya ce ta shigo, Malam Hamani. Ya ce ganye ya fara naɗewa a gonakin ƙasa, mata na ɗibar ruwa da jarka a ka, amma mi jarka za ta yi wa fadama? Na tambayi ta Yaya Hadiza. Sai kawai ya ce, "Kai dai yi sauri."

Na matsa kusa da direba na ce ko zai ƙara wuta. Ya kalle ni ta madubi ya ce, "Mutumin Nijar, in kana gaggawa ka sauka ka riga mu." Motar duka aka yi dariya, har ni na ɗan yi yaƙe. Bayan isha muka shiga Kwatano. Zemijan, wato kabu-kabunsu, ya kai ni unguwar Zango gidan Alhaji Mudi, ɗan Gaya ne da ya daɗe can yana fataucin kayan waya, abokin marigayi babanmu.

Talata: Kwatano

Da safe Alhaji ya ce in jira shi ya dawo daga tashar jirgin ruwa mu fita tare. Ina zan iya jira? Ina gama shayi na kama hanyar layin masu kayan lantarki. Shago na farko suka ce babu mai ƙaho, amma ga wata mai lamba iri ɗaya, tambarinta ɗigo uku. Na ture ta. Na biyu haka, na uku haka. Na ce a raina, wato sun ga baƙauye daga arewa za su liƙa masa jabu. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wani ya ja ni cikin lungu, ya buɗe wata 'yar kwalba, sai ga mai ƙaho tana sheƙi. Kuɗin da ya faɗa ya ninka wanda na sani sau huɗu. Ya ce ta yi wuya, kowa ɓoye tasa yake. Ban ko yi dogon ciniki ba, na biya na fito ina jin kamar an sauke mini dutse daga ka.

A gida na tarar da Alhaji yana cin shinkafa da wake. Na miƙa masa da alfahari. Ya sa tabarau ya duba, ya ajiye cokali.

"Ɗana, wa ya sayar maka da wagga?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Mai ƙaho ai babu shi yanzu. An saye shi."

"An saye mi, Baba?"

"Kamfanin dukansa. Da masana'anta da ma'aikata da suna. Wani babba ya haɗiye shi tun shekarar da ta wuce, shi ne mai ɗigo ukun da kake ta turewa."

Ya buɗe wayarsa ya nuna mini wani zane mai hawa da sauka, ya ce farashin hannun jarin kamfanonin sirkwi ke nan, kullum yana dubawa don shi ke gaya masa abin da zai yi tsada bayan wata uku. Ya ce yanzu duniya ta haukace a kan manyan sirkwi na injunan nan da ake cewa suna tunani. Kamfanin da ke yin su, darajarsa sai hawa take, sai ya ɗebi kuɗin ya saye ƙanana. Ya faɗi abin da aka biya a kan mai ƙaho, ni dai na kasa riƙe sifilin. Da labarin cinikin ya fito, 'yan kasuwa suka ɓoye sauran tsohon kaya, farashi ya tashi, masu jabu kuma suka ga kasuwa ta buɗe.

Na yi gardama, na ce tawa ba jabu ba ce. Sai ya ɗauke ni a motarsa zuwa shagon wata mata 'yar ƙasar, kowa Madam yake ce mata, wadda ya ce shekara da shekaru yana sayayya wurinta. Ba ta yi dogon zance ba. Ta jiƙa auduga da tina, ruwan nan mai narkar da fenti, ta goga a bayan sirkwina. Ƙahon ya bi auduga. A ƙarƙashinsa wata lamba ce daban, ta abin da ko rediyo ba zai tayar ba. Ta ɗauko mai ɗigo uku a shagonta ta goga, ko gezau. Na zauna a kan wani kwali ba tare da an ce in zauna ba. Da na sa wannan a akwatin Tunuga, da abin da ya sami mutanen Tanda ya same mu.

Na ce, "To ita mai ɗigon, daidai take da tsohuwar?"

Alhaji ya fassara mini amsarta: masana'anta ɗaya, injuna ɗaya, suna kawai aka sauya. Ya ƙara da nasa, ya ce, "In Alhaji ya sayi gonar talaka, shinkafar da ke ciki ta canza?" Madam ta tambayi abin da ya ce. Da ya gaya mata, sai ta girgiza kai ta yi magana mai tsawo. Alhaji ya ce, "Ta ce shinkafar ba ta canza ba, amma sabon mai gona rake zai shuka baɗi. Sun aiko sanarwa za su daina yin irin wagga, ribarta ba ta kai a tsaya mata ba."

Mun koma lungun, mutumin ya rufe ya yi gaba. Abin da ya rage a hannuna ya sayi masu ɗigon guda uku wurin Madam, Alhaji ya cika mini ta huɗu daga aljihunsa. Motar safe ta riga ta tafi, ta dare kuwa ya hana ni hawa saboda hanyar arewa ba ta da tabbas. Na wuni a Zango ina jin kiran Malam Hamani ina ƙin ɗauka, don ban san abin da zan ce masa ba.

Laraba: komawa

Ƙarfe shida muka bar Kwatano. A Dasa fasinjoji suka sauka sayen garin rogo, ni ko motsi ban yi ba, hannuna na kan aljihu. Taya ta fashe bayan Paraku, muka yi awa ɗaya a gindin wani mangwaro. Can na daure na kira Yaya Hadiza. Ta ce, "Ka samo?" Na ce na samo, amma ba wadda aka ce ba. Ta ce, "Tana kawo ruwa?" Na ce ina sa rai. Ta ce to in taho.

Mun iso Malanbil magariba ta wuce, masu kwale-kwale sun ɗaure jirage. Na kwana a rumfar tasha, ina hango fitilun Gaya a tsallake.

Alhamis: Tunuga

Jirgin farko na shiga, ban ko biya ta gida ba. Na ɗauki kayan aiki a shago, ƙarfe tara ina Tunuga. Manoma sun cika ɗakin famfo har waje. Na buɗe takarda, Malam Hamani ya sunkuya ya duba, ya ɗago.

"Ina ƙahon?"

Na ba su labari duka, har da kuɗinsu da na zubar a lungu, na nuna musu jabun da audugar. Wani ya ce haka na Tanda ma ya zo da daɗin baki. Malam Hamani ya ce, "Issufu, akwati ɗaya gare mu. In ya ƙone, ba bana kaɗai muka rasa ba." Gaskiya ya faɗa, kuma ba ni da rantsuwar da zan yi masa, don ni ma maganar Madam kawai na riƙe. Aka yi ta ja, rana na hawa.

Yaya Hadiza ce ta ratso maza ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafafunta duk busasshen laka. Ta ce, "Malam, ku na sama kuna da kwana biyu na shawara. Ni ba ni da ko yau. Ku bar shi ya sa." Sai Malam Hamani ya matsa daga gaban akwatin.

Na fara liƙa sabuwar sirkwin a allon akwatin. Ƙafa bayan ƙafa na bi, gumi na ɗiga a kan allon ina sharewa da hula. Da na gama na yi bisimilla na murɗa makunni. Fitila ta yi ja, ta daɗe a ja, har na fara shinshina iska ko zan ji ƙauri. Sai ta koma kore. Famfo ya yi tari sau biyu, ruwa ya faɗo kwata.

Ana ta hamdala, Malam Hamani ya ja ni gefe. "In wagga ta ƙone fa?" Na ce akwai uku. "Bayan ukun?" Na ce sai mu fara tara kuɗin sabon akwati tun girbin bana. Ya gyaɗa kai.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Alhaji Mudi da ya saukar da ni ya cika mini, da Madam da audugarta, da direban da ya ƙi ƙara wuta. Amma ban koma Gaya nan take ba. Na bi kan ruwan da ƙafa, yana tafiya a hankali don kowace tsaga sai ta sha ta ƙoshi kafin ta sake shi. La'asar ta yi kafin ya isa gonar Yaya Hadiza. An rarraba gonar fangali-fangali, biyu na gefen tudu sun riga sun yi fari, zangarniyar ba komai a ciki. Sauran huɗun ganyensu a naɗe, amma da rai. Na ɗauki fartanya zan buɗe wa na tudun, sai ta riƙe ƙotar.

"Toshe wancan, Issufu," ta ce. "Ya riga ya mutu. Kai wa masu rai."