Turaku Huɗu a Gonar Takama

Takama manomin barkono ne a wani ƙauye kusa da Bazaga. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son a zo gonarsa a ga ciyawa ko ɗaya. Yana noman gero kamar kowa, amma barkonon fadama ne ke riƙe da gidansa. In ya shanya ya kai kasuwar Konni, fataken Najeriya ke kwashewa.

A daminar 2004 wani furoje mai taimakon manoma ya aiko ma'aikacinsa, Mushe Seyni (Mushe, wato malam da Faransanci), Bazabarme mai Hausar koyo, don ya kimanta amfanin gonar yankin. Ba zai yiwu a auna kowace gona ba, sai aka yi ƙuri'a a gaban maigari. Gonaki uku suka fito, har da ta Takama. Seyni ya juya baya ya wurga sanda cikin barkonon. Inda ta faɗi ya kafa turaku huɗu, ya zagaye su da igiya.

"Baba, abin da ke cikin igiyar nan kada a taɓa shi sai na dawo," in ji Seyni. "Shi zan ɗora a sikeli, da shi zan san abin da garinku ya samu."

Ya hau babur ya wuce ƙauye na gaba. Shi Seyni yana nufin kada a tsinki barkonon. Abin da Takama ya ji shi ne an ba shi amana, kuma mutuncin gari duka yana cikin igiyar nan.

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Rijiyar fadama ta ja baya, ɗan abin da guga ke kawowa sai Takama ya fara zuba shi cikin igiya, saura ya ba gona. Sai kuma fara ta zo. Da hantsi aka ga sama ta yi duhu daga arewa, mutane suka fita da kwanoni suna bugawa, wasu suna hura hayaƙi. Takama ya ruga gida ya ciro gidan sauro, ya kwashi zannuwan matarsa Sahiya, ya lulluɓe wurin turakun, ya danne gefe da duwatsu. Ya tsaya a kai yana kora da reshen dogon yaro, fara na sauka a wuyansa da fuskarsa. Kafin la'asar gonar ta koma tsinke tsaye, geron garin ma haka.

Da Seyni ya dawo, ya iske fadama fayau, sai wuri guda kore shar, barkono ja ya yi nauyi.

"Mushe, ga amanarka," in ji Takama. "Ko ganye guda ba su ci ba."

Seyni ya dubi wurin, ya dubi sauran gonar.

"Baba, ban ce ka tsare shi ba. Abin da ya sami gonar shi ya kamata ya sami wurin nan."

"To, mi na yi?"

Seyni ya bar shi nan. Ya duba sauran gonakin biyu. Ɗaya shanu sun tumɓuke turakunta, ɗaya kuwa mai ita ya tsinke ɗan abin da ya rage ya tafi ci-rani. Awon Takama kaɗai ya saura. Seyni ya ɗora barkonon a sikeli, ya ce zai yi wa manyansa bayani. Ko ya yi ko bai yi ba, babu wanda ya sani. A buro, wato ofishin furojen, aka ninka awon da faɗin gonakin garin, lissafi ya nuna asararsu kaɗan ce, kuma suna da barkonon da za su sayar su sayi hatsi.

Da rani furojen ya fara rabon gero ga garuruwan da asararsu ta haura rabi. Motar ta bi ta bakin garinsu ba ta tsaya ba. Maigari ya je ya tambaya, ya dawo da dalilin, kuma kafin azahar kowa ya ji.

Mata suka koma tafasa ganye da jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci na daji. Yara suka fara kumburi. Mato, maƙwabcin Takama da suka tashi tare, ya rasa ɗiyarsa ƙarama. Takama ya je gaisuwa ya durƙusa a bakin tabarma.

"Allah shi ba da haƙuri."

Mato bai ɗaga kai ba. "Tashi, Takama. Je ka ba barkononka ruwa."

Washegari Takama ya bi amalanken jaki zuwa Konni, ya nemi buron furojen. An riga an maida Seyni wani yanki. Wanda ya gaje shi ya saurare shi da kyau, har ya ba shi ruwa, ya ce lissafin ya wuce hannunsu, amma za a sake zagaye. An sake, sai dai gero bai iso garin ba sai tsakiyar damina, bayan an binne yara da yawa, ciki har da jikan Takama na fari.

Babu wanda ya kore shi. Limami ma ya faɗa a masallaci cewa mutumin bai yi da mugun nufi ba. Amma in ya iso majalisa hira takan mutu. Sahiya ta sha gaya masa, "Malam, kai ka aiko fara? Kai ka ɗauke ruwa?" Sai ya tura mata kwanon abincin.

Bayan girbin 2005 ya bar wa ƙanensa gonar, ya koma Malbaza yana dako a tashar manyan motocin siminti, shi da ya haura hamsin. Direbobi sun san shi da rashin magana da kuma ɗaukar buhun da samari ke gudu. Shekara uku ya yi haka. Tari ya kama shi a ta ukun, aka maido shi gida a bayan mota, ya rasu sati bai zagayo ba. Sahiya ta gama takaba, ta koma wurin danginta a Illela.