Farin Fentin Baba Garkuwa

Shekara arba'in ke nan yana gyaran keke a wani ɗan shago da ƙofarsa ba ta rufuwa sai an tallafe ta da ƙafa, kuma duk titin ba wanda ya san shi da wani suna sai Baba Garkuwa. Sunan ya samo asali ne daga wani zagayayyen ƙarfe da yake ɗaurawa a jikin farantin kaca, wannan mai haƙora da feda ke juyawa, don in keke ya daki dutse ƙarfen ya sha dukan, haƙoran su tsira. Ko faci kawai ka kawo masa, kafin ku gama gaisawa ya durƙusa yana leƙen ƙasan kekenka, yana girgiza kai kamar ya ga mutum ya fito ba wando.

Yana da wata al'ada tasa: ba ya ɗaura garkuwa sai ya shafe ta da farin fenti. In mai keke ya dawo bayan wata guda, sai ya kama yatsarsa ya bi da ita kan duk inda fentin ya karce. "Ka ji nan? Da haƙora uku sun tafi. Nan kuma da a ƙafa za ka dawo gida." Waɗanda suka gama aiki yana rataye su a bango, sun kai hamsin, kuma ya san labarin kowacce. Kada ka kuskura ka tambaye shi in kana sauri.

To, ana nan sai 'yarsa Auta, ma'aikaciyar jinya ce, wadda ba ta da hutun da ya wuce hawan duwatsun bayan gari, ta gangaro da sabon keke ƙofar shago. Keke sai wanda ya gani. Baba ya durƙusa kamar kullum, ya ɗago fuska a ɗaure.

"Ina garkuwarsa?"

"Haba Baba, ai an wuce wannan zamanin. Faranti ɗaya ne yanzu, ƙarami, ya yi nisa da ƙasa. Dubi haƙoran, wani mai kauri wani siriri, sun riƙe kaca gam. Garkuwa nauyi ce kawai."

"Nauyi? Wayar da ke aljihunki ta fi ta nauyi."

"Masu sabon shagon can ma cewa suka yi ba a bukata."

Wannan maganar ce ta sosa masa rai. Shi ya riƙe mata sirdi ranar da ta fara koyon keke, yau ga shi wasu masu safar hannu ne ke faɗa mata abin da kekenta ke so. In ta yi gaskiya, hannunsa ya gama aiki a kekenta, sunansa kuma ya zama abin tsokana. Ya ji tsoron haka ƙwarai, ko da yake da za ka yanka shi ba zai amsa ba.

Suka yi yarjejeniya a gaban mahaifiyarta. Zai ɗaura garkuwa ya shafa fentinsa, ta hau wata guda. In fenti ya dawo fes, zai kwance da hannunsa, kuma ba zai sake ta da zancen ba har abada.

Mako na farko, fes. Na biyu, fes. Baba ya fara rama. A na uku, Auta ta jingina keken a tsakar gida ta shiga wanka, sai ga matarsa ta fito da bokiti ta tarar da shi a tsugune, magagari a hannu, saura ƙiris ya goga.

"Malam, lafiya?"

"Noti nake dubawa."

"Da magagari? Mayar da shi aljihu kafin in kira ta. Da furfurarka!"

Ya mayar, yana gunaguni cewa a gidan nan ba a barin mutum ya yi sana'arsa.

Ranar cikar wata Auta ta shigo shago da murmushin wadda ta ci gasa. Garkuwa fara tas, har ƙyalli take. Baba ya ɗauko sifana jiki a sanyaye, ya durƙusa. Sai dai idon da ya shekara arba'in yana kallon fenti ɗaya ba ya ruɗewa. Nasa farin yana da ɗan duhu, wannan kuwa ya fi shi haske, ga sawun burushi a karkace, aikin wadda ta saba da allura ba fenti ba. Ya bi gefen da babban yatsa. A ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, ƙarfen ya lotsa har yatsar tana nitsewa.

Da keken wani ne, da tuni Baba ya tara titin nan kaf ya yi jawabi. Amma ya san irin dukan da ke lotsa ƙarfe haka, ya san gudun da ake yi, ya kuma san gangaren da ke duwatsun bayan gari. Nasarar da ya yi wata guda yana mafarki ta zo, amma ko kaɗan ba ta yi masa daɗi ba.

"Kin ci," ya ce, ya ɗora sifana a kan noti na farko. Sau biyu tana zamewa.

Auta ta durƙusa kusa da shi ta riƙe hannunsa.

"Baba, bar ta."

"Ai nauyi ce."

"Na saba da nauyin."

Mahaifiyarta, da ke bakin ƙofa, ta dube su duka biyun ta ce ita dai Allah ya haɗa ta da 'yan maguɗi, uba da 'ya. Baba ya ƙara matse notin nan da kyau, sannan ya jawo gwangwanin fentinsa ya miƙa wa Auta burushi, ya ce tunda ta fara sana'ar, gara ta koyi yadda ake riƙe shi.