Kabejin Jamusawa a Tulun Kakana

Jiya warin kwata ya buge ni a kasuwa, sai kewar kakana ta kama ni. Ya taɓa yi wa Jamusawa kuku, ya koyo girkinsu: yankakken kabeji da gishiri, a danne a tulu sai ya yi tsami. Ranar buɗe tulun, har awakin garinmu Gwadangaji ƙaura suke yi.

Ya ce jikan da ya cinye kwano guda zai raka shi bikin kamun kifi. Na dinga haɗiya ina hawaye.

"Amarya, daɗin har da kuka?" Ya ƙara mini.

Na je Argungu, amma a bayan gida na wuni.

Allah ya jiƙansa, ya sa a Aljanna dafa masa ake yi, ba shi ke dafawa ba.