Lema Mai Jan Faci

Da Baba ya rasu, Inna ta shiga takaba, kuma a gidanmu na Zongo takaba takaba ce, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Maza suka ɗauke shi, mu mata muka tsaya a tsakar gida muna jin sawunsu har ya ɓace. Haka ake yi. Sai dai tun daga ranar Inna ta daina cin abinci kamar mutum. In na kai mata koko, ta kurɓa sau ɗaya ta ture kofin.

Wata rana ina taje mata kai ta ce, "Ni fa ban san ina yake ba."

Na ce ai maƙabarta yake, ga ta can bayan unguwa. Ƙanena, wanda ɗaukar hoton biki ne sana'arsa, ya je ya ɗauko mata hoton kabarin a waya. Ta duba ta mayar masa.

"Wannan tudun ƙasa ne, na kowa ma haka yake. Duk inda ubanku ya je na san hanya. In Assiyéyé ya tafi kasuwa, na san kwanar da zemijan, wato ɗan acaɓa, ke sauke shi. In tashar jirgin ruwa ya je fitar da kaya, na sani. Yanzu in na zauna, ban san wajen da zan juya fuskata ba."

Ƙanena kuwa, da shi komai na duniya na'ura ce ke gyara shi, ya ce zai tashi diron ɗinsa, ɗan jirgin nan mara matuƙi da yake ɗaukar hoton amare daga sama, ya bi hanyar tun daga ƙofar gida, Inna tana kallo a allo.

Baffa, ƙanin Baba, ya ce sam. "Maƙabarta ba wurin biki ba ce. Abin da ke bin amarya shi za a kai wa ɗan'uwana?" Inna ta sunkuyar da kai kawai. Ya daɗe yana kallon hannunta da ya rame, sannan ya ɗauki hularsa ya fita. A wurin Baffa, wannan izini ne.

To mu 'yan Zongo, ba ma iya yin abu mu kaɗai. Kafin la'asar labari ya zaga. Gwaggonnina suka cika gida, kowace da waya a sama. Wannan ta kira Kano a bidiyo, wancan Kumasi, wata Yamai, don kada a ce an yi abu ba a nuna wa dangi ba. Masu data suka buɗe wa marasa data, maƙwabta ma suka hau katanga da nasu wayoyin.

Jirgin ya tashi. A allo muka ga rufin gidanmu da tsatsarsa, muka ga igiyar shanya, muka ga kanmu kamar kiyashi. Ya bi layi, ya wuce masallaci. Yana dosar dogon ƙarfen rezo, na sabis ɗin waya, da aka kafa a kan benen kwana, sai hoton ya fara yayyagewa, ya tsaya cak a kan wani mai sayar da taya, sannan allo ya yi toka.

"Sa kup, sa kup! Yana yankewa!" in ji ƙanena, gumi na zubo masa. "Rezo ya yi yawa, Inna. Wayoyin nan duka suna magana, antan ɗin kan ƙarfen can ma yana ihu. Ina kiran jirgin, ba ya ji na."

Gwaggo babba ta ce ita dai tata wayar ba ta taɓa komai ba, tana faɗa tana ci gaba da yi wa Kano bayani. Na ji kamar in karɓe ta in jefa a randa.

Can sai muka ji ƙugi a sama. Jirgin ne ya dawo, ba wanda ya kira shi, ya sauka daidai inda ya tashi. Inna ta tambayi dalili. Ƙanena ya ce haka aka yi shi, in ya daina jin mai shi, sai ya komo gida da kansa.

Inna ta ce, "Wanda ya ƙera shi mai tausayi ne." Ta tashi ta shige ɗaki. Ni kuma na shiga kicin na yi kukana a can.

Washegari da sassafe, kafin masu koko su gama hura wuta, Baffa ya yi sallama. Ya tsaya a tsakar gida ya ce kowa ya kashe wayarsa, har ta Gwaggo, wanda ya ƙi ya koma gidansu. Sannan ya ce in ɗauko masa lemar Baba. Babbar lema ce shuɗiya da yake zama ƙarƙashinta a kasuwa. Bai ce me zai yi da ita ba, ya saɓa ta ya fita.

Ƙanena ya hau kan rufi don kada gini ya shiga tsakaninsa da jirgin, ya haɗa allonsa da wani allo da ke hannuna, ni ina gefen Inna a kan tabarma. Ban taɓa jin gidanmu ya yi tsit haka ba. Wannan karon jirgin ya yi sama sosai, da ya zo wajen ƙarfen rezo ya kauce masa ta bayan makaranta. Hoton ya ɗan girgiza, sai ya daidaita.

Inna ta sa yatsa a allo tana bi. "Nan ne gidan mai wanki. Nan ya kan tsaya ya sayi goro. To, sai kwana." Layin ya ƙare, ga katangar maƙabarta, ga tuddai jere, duk iri ɗaya. Sai ga wani shuɗi a tsakiyarsu, da ɗan ja a gefe guda.

"Facina ne," in ji Inna. "Ni na ɗinka shi, da ƙyallen zanena."

Baffa ne tsaye a rana, ya miƙa hannu ya riƙe lemar a kan kabarin. Jirgin ya juyo a hankali, sai muka hango mangwaron gidanmu daga can, kusa ƙwarai.

Inna ta ɗaga kai ta dubi mangwaron na gaske, ta sake duban allo. Ta tashi, ta ja tabarmarta da kanta, ta juya ta wajen kusurwar katangar da ke bayan bishiyar, ta zauna.

"Ashe bai yi nisa ba," ta ce. "Ina kokon nan? Ɗumamo mini."