Goggo ta ƙarar da tallafi a gaisuwa

Jama'a, ku ji abin mamaki! Yau ƙungiyar 'yan kasuwar Agege da ke nan Ikko ta ba Goggona tallafin kuɗin abinci. Na raka ta sayen shinkafa, sai ta tsaya wajen mai wayar salula a gindin lema, ta kira 'yarta Lami a Kano.

"Lami! Ya yara? Ya maigidan? Ya surukarki?"

Mai waya ta ce, "Mama, minti na tafiya fa!"

Na ce, "Goggo, shinkafa!"

Ta harare ni: "A Ikko an hana gaisuwa ne?" Jikoki ma sai da aka miƙa wa kowanne wayar! Kuɗi kaf suka tafi.

Muna komawa tana ta dariya: "Mu jiƙa gari, ɗan nan. Autan Lami ya iya cewa Kaka!"