Rijiyar Gidanmu da Sabon Banɗakin Hajiya

Ni ce na dage sai an yi wa Hajiya banɗaki na zamani. Hajiya mahaifiyata ce, kuma a shekarun nan ciwon gwiwa ya sa ta gaba, tsugunno ya zame mata aiki. Masan gidanmu na unguwar Sheshe kuwa irin na dā ne, yana can ƙuryar gida, sai an ratsa tsakar gida kafin a kai. Idan ta shiga, daga ɗakina nake jin nishinta. Na ce wa Yaya, wanda shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu, a fitar mata da banɗaki a jikin ɗakinta, a sa tayil da famfo da masai na zama. Ya ce to, amma aikin na ɗan Alhaji ne.

Alhajin nan maƙwabcinmu ne, katanga ce kawai tsakaninmu, kuma ɗansa ya koyi aikin famfo. Ni dai na so a nemo bare, wanda idan ya ɓata aiki za ka iya kallon tsabar idonsa ka faɗa masa. Yaya ya ce, "Ga na gida a ba na waje? Da wane ido zan kalli Alhaji a masallaci?" Haka aka ba yaron aikin.

A tsakar gidanmu akwai rijiya, kakanmu ne ya haƙa ta. Rijiyoyin unguwar da yawa zartsi gare su, ko sabulu ba ya kumfa, amma tamu garau take, kuma ba ta taɓa ƙafewa ba. Idan famfo ya ɗauke, mutanen lungunmu har da na unguwar Soron Ɗinki nan suke aiko da bokiti. Hajiya da ita take sha, da ita take girki da alwala. Ruwan leda ma ba ta shan sa, ta ce warin roba yake yi. Shi ya sa ranar da yaron zai fara aiki na tsaya a kansa, a gaban Yaya, na ce bututun ƙazanta ya bi jikin katanga ya tafi har tsohon masai, kada ya kusanci rijiya.

"Haba Anti," ya ce, "wannan ai ba sai an faɗa ba."

Ni ina koyarwa a wata makaranta a Gwale, da safe nake fita. Yaya yana kasuwa. Hajiya ta koma ɗakina don ƙura da bugun guduma, ba ta leƙowa. Yaron ya yi aikinsa babu mai duba shi, ya shafe tsakar gida da siminti sumul. Banɗaki ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Hajiya ta shiga ta fito tana sa mini albarka, ni kuma ina ta hura hanci.

Da damina ta kankama, wata safiya Hajiya ta kurɓi koko ta ajiye, ta ce gasarar ta lalace. Washegari ta ce shayi ma haka. Na ɗauka bakinta ne, har na tsokane ta na ce tsufa ya fara taɓa harshe. Sai da na ja guga da kaina na kai fuska zan kuskure baki, wani wari ya bugo ni, irin wanda ba ka bukatar a gaya maka daga ina yake. Duk da haka na lallashi kaina, na ce ƙila ɓera ne ya faɗa ya mutu. Hajiya ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza, a kira masu yasa."

Mai yasar rijiya ya sauka, bai daɗe ba ya ce a ja shi. Ya fito yana tofar da yawu, ya ce babu ɓera babu ƙadangare, wani baƙin ruwa ne yake tsattsafowa daga bangon rijiyar, ta ɓangaren sabon banɗaki. Na sa shi ya fasa simintin wurin. Yana ɗaga wani ɓangaren simintin, sai ga rami, ɗan ƙarami, ko shafe babu a cikinsa, cike fal yana tsutsa. Bututun da aka ce ya tafi ƙuryar gida a nan ya tsaya, tsakaninsa da rijiya bai fi shimfiɗar tabarma ba.

Wallahi ban san lokacin da na durƙusa bakin kwata ba. Na yi ta amai. Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne tunanin watannin da suka wuce. Da ruwan nan muka dama fura, muka wanke shinkafa, muka ba baƙi, na wanke bakina da shi kafin in tsaya gaban Ubangiji. Kwana da kwanaki ko farin ruwa na gani a kofi sai tsigar jikina ta tashi. Hajiya kuwa ta sa an fitar da randunanta duka an kife a rana.

Na aika a kira mini ɗan Alhaji. Ya shigo yana sakace haƙori, ya leƙa ramin kamar wanda aka nuna wa aikin wani. Ya ce ai ƙasa tana tace ruwa, kuma wannan warin daga kwatar lungu yake, ba daga aikinsa ba. Na ce, "Kai, dube ni nan. Me na ce maka ranar farko?" Ya ce shi fa ya san aikinsa, mata ba su san kan famfo ba. Da Hajiya ba ta kira sunana daga ɗaki ba, da na kwaɗa masa gugan da ke hannuna.

Na ce hukuma zan kai shi. Yaya ya ce ba a taɓa jin gidanmu a bakin alƙali ba, kuma ba za a fara da ɗan maƙwabci ba, za a zauna a soro. Aka zauna bayan la'asar, mai unguwa da Alhaji da ɗansa da Yaya. Ni mace, wurina bayan ƙofa, ina jin su. Aka yi gaisuwa kamar ba za a gama ba. Mai unguwa ya ce dama rijiya takan canja da damina. Yaya, da ya kamata ya buɗe baki, sai "haka ne" yake ta yi. Yaron ya samu wuri, ya ce shi ruwan nan lafiyarsa ƙalau, ko yanzu aka ba shi zai sha. Na ga dai maganar za ta ƙare a kan a yi haƙuri, kowa ya kaɗe rigarsa.

Na koma tsakar gida na ja guga. Na cika jug ɗin Hajiya na baƙi, na jera kofuna a faranti, na zura hijabi na yi sallama a soro. Na durƙusa na gaishe su, na ce, "Baba, ku gafarce mu, an bar ku ko ruwa babu." Na tsiyaya wa kowa. Soron namu ƙarami ne, taga ɗaya, kafin in gama zubawa warin ya cika shi. Mai unguwa ya riga ya ɗauki kofi bisa sabo, ya kai rabin hanya ya tsaya, ya mayar a hankali. Na ɗauki na yaron da hannu biyu na miƙa masa, na ce bisimilla.

Ya karɓa ya riƙe. Alhaji ya dube shi ya ce, "Sha mana, ai kai ka ce." Ya kai kofin kusa da baki, sai ya kawar da kai ya ajiye. Alhaji ya ce, "Kai ka haƙa ramin?" Ya ce shi ne. Wai ya ga hanyar da nisa, ga ƙasar jikin katanga da tauri, ya ɗauka ba za a samu matsala ba. Saboda ƙyuyar haƙa ke nan ya shayar da mu ƙazantarmu.

Aka yanke cewa zai kwashe ramin ya cike shi, ya ja bututu inda aka ce tun farko, Alhaji kuma zai sa a yashe rijiya. Sannan mai unguwa ya ce a yafi juna, ya juyo gare ni. Na ce na yafe, da baki. Yaya bai yi mini magana ba har aka kwana biyu, wai na kunyata baƙi a soron mahaifinmu.

An yashe rijiyar, an zuba alim da magani, aka jira ta taru. Warin yana nan. Aka sake yashewa bayan damina, ruwan ya fito fari tas a ido, amma da ya kwana a bokiti sai ya dawo da halinsa. Mai yasa ya ce ƙasar ta riga ta sha, shi ba zai ce ga ranar da za ta saki ba. Yaran lungu kuwa ba sa jin hani, ka juya baya sun zura guga. Hajiya da kanta ta ce a rufe, kada a ɗauki alhakin 'ya'yan mutane. Alhaji ya ce ɗansa ne zai zuba murfin, kyauta.

Ya zo da rodi da siminti ya wuni yana yi. Aikin ya yi kyau, ko ƙofar allura bai bari ba, ina tsaye ina kallo kamar in shaƙe shi. Hajiya tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, ba ta ɗauke ido daga wurin ba har ya gama shafe. Ya miƙe da siminti har gwiwar hannu, ya dubi nan ya dubi can, ya ce, "Anti, a taimaka mini da ruwa in wanke hannu."

Ranar famfo ya ɗauke, mai kurar ruwa kuma bai shigo lungunmu ba, jarkokin da muka saya jiya duk sun tafi a kwaɓin simintinsa. Abin da ya rage a gidan shi ne butar alwalar Hajiya. Ta turo ta da ƙafa ta ce, "Zuba masa." Na zuba, ya murza, ya ce in ƙara, har ta ƙare. Yana fita aka kira magariba. Na ɗauki butar na sa hijabi, na shiga gidan Alhaji na yi sallama, na ce Hajiya ta ce a sam mata ruwan alwala.